Hukuncin aron kuɗi a zuba a akawun don neman bizar karatu a Ingila

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na samu gurbin mastas a Ingila, na biya wani abu daga kuɗin makaranta har sun turo min CAS, wato shaidar makaranta ta karɓe ni wadda ake neman biza da ita, saura biza. To matsalar sai na nuna ragowar kuɗin makaranta da na zama na wata 9 a akawun ɗina, kuma sai sun kwana 28 ba su ragu ba, ni kuwa wallahi ko rabi ban da shi. Wani ejan yace zai zuba min a kulle akawun ɗin, in ba shi wani kaso duk wata, biza na fitowa ya kwashe abinsa. Abokaina duk haka suka yi, suna cewa ai kuɗin aiki ne ba ruwa ba tunda ba ci zan yi ba. Ya halatta? In bai halatta ba, in kawuna ne ya ara min babu ƙari fa?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka shiga, yawanci sai sun sauka can tukuna suke tuno malam.

Wannan abin da ejan ɗin ya kawo maka bai halatta ba, kuma haramcin ta fuska biyu ne. Ta farko riba. Mutum ya ba ka kuɗi, zai karɓi kuɗinsa cif, sannan ya ɗora ƙari da aka shardanta tun farko, to wannan shi ne bashin da ya jawo amfani, wanda ko ɗalibin da ya karanta Risala a zaure ya san an ce ba ya halatta, kuma Ibnul Munzir ya hakaito ijma'in malamai a kai. Batun wai kuɗin aiki ne, ka tambaye shi: in miliyan goma ya zuba da in miliyan talatin ya zuba kuɗin aikin ɗaya ne? In wata ɗaya ne da in wata uku ne ɗaya ne? Aikin tura kuɗi dai bai canza ba, amma abin da zai karɓa yana hawa da yawan kuɗin da tsawon lokaci, to menene kuɗin ruwa in ba wannan ba. Kulle akawun ɗin ma ba ya wanke shi, sai dai ya ƙara muni, don ka biya ƙari a kan kuɗin da ko ƙwandala ba ka da ikon taɓawa. Allah yace ya halatta ciniki ya haramta riba, Baƙara aya ta 275, kuma a hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai cin riba da mai ba da ita da mai rubuta ta da shaidunta biyu, yace duk ɗaya suke. Don haka kar ka ce ai kai bayarwa kawai kake.

Fuska ta biyu ita ce mutane suka fi rainawa, wato yaudara. Su masu bizar ba lamba suke son gani a takarda ba, so suke su tabbatar kana da abin da za ka biya makaranta ka ci ka kama ɗaki, kai kuma za ka sa hannu cewa kuɗin nan naka ne alhali ka san washegarin biza za su koma inda suka fito. Annabi (SAW) yace wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Na san abin da za a ce, ai Turawa ne ba Musulmi ba, ai su ma sun cuce mu. To ka saurara. Huzaifa ɗan Yaman da mahaifinsa kafiran Ƙuraishawa sun tare su a hanya, ba su sake su ba sai da suka ɗauki alƙawarin Madina za su wuce ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Suka zo suka faɗa masa, ga Badar ta taso, Musulmi ɗari uku da 'yan kai ne kowane mutum ɗaya ana buƙatarsa, amma yace su koma, za mu cika musu alƙawarinsu mu nemi taimakon Allah a kansu. Yana cikin Muslim. Waɗanda suka fito da takobi kenan fa, balle ƙasar da kai ka ɗauki ƙafa ka je neman izinin shiga.

Shi kuwa wanda ake buga masa takardar banki ta bogi gaba ɗaya ba sai an tsaya ba, shaidar zur ce.

Sai batun kawunka. In ya ara maka babu ƙari riba ta fita, Allah ya saka masa. Amma a duba niyya: in aron nuni ne, a nuna a mayar, yaudarar na nan daram. In kuwa kyauta ya ba ka, ko rance na gaske wanda za ka kashe a karatun ka biya shi a hankali bayan ka gama, to kuɗin sun zama naka, ka nuna su babu komai, sai dai ku rubuta da shaidu kamar yadda ayar bashi ta yi umarni, zumunci da yawa a kan irin wannan ya lalace.

Wani zai ce lalura ce. Lalurar da ke halatta haram ita ce wadda in ba a yi ba rai ko lafiya za su salwanta, mastas a Ingila abu ne mai kyau ina ma ƙarfafa ka a kai, amma mutum ba ya mutuwa don ya jinkirta shi. Kuma ko ta lissafin duniya ka duba, ɗalibi awa 20 kawai aka yarda ya yi aiki a sati lokacin karatu, da shi za ka biya haya da abinci da ragowar kuɗin makaranta da fam? Tun da aka saki naira a 2023 darajarta ta zube, har a 2024 aka ji labarin ɗaliban Najeriya da wata jami'a a Ingila ta dakatar saboda sun kasa cika kuɗi aka ce su bar ƙasar, to ina ga wanda tun asali da aljihu wayam ya tafi. In kuma aka gano ƙarya a takardunka ana iya hana ka shiga har shekara 10.

Abin da nake ba ka shawara, ka rubuta wa makarantar su ɗaga maka zuwa zango na gaba, da yawa suna yarda, ka tambaye su kuma makomar abin da ka riga ka biya. Kafin nan ka nemi tallafi irin Chevening ko Commonwealth ko PTDF, asusun da ke tallafa wa karatun fannin man fetur, in fanninka ne, ko na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, ka zauna da mahaifinka da kawun nan a ga ko akwai fili ko wata kadara da za a iya sayarwa ba tare da an cutar da ƙannenka ba. Ka yi istihara. In ka riga ka ba ejan wani abu ka janye ka nemi ya dawo maka da shi. Abokanka da suka riga suka tafi kuwa su tuba tsakaninsu da Allah su daina tura wa wasu lambar ejan, karatunsu da abin da suke samu ta aikin halal bai haramta ba.

Wallahu a'alam.