Amsa ga ɗan'uwan da hankalinsa ke tsere masa a lokacin karatu

Ɗan'uwa, na ga tambayarka, inda ka ce ba ka iya kai ƙarshen shafi ɗaya ba tare da hankalinka ya tafi wani wuri ba, kuma kana son sanin ko mutum zai iya gyara wannan ta hanyar lura da tunaninsa. Na yi shekaru ina fama da irin haka, shi ya sa ban ga ya dace in wuce ban ce komai ba.

Ka kwantar da hankalinka tukuna, domin yawon tunani halin ɗan Adam ne. A shekarar 2010 wasu masana biyu na Jami'ar Harvard da ke Amurka, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun bibiyi mutum 2,250 ta wata manhajar waya da ke tambayarsu lokaci-lokaci abin da suke yi da abin da ke ransu, sai suka tarar cewa kusan kashi 47 cikin ɗari na lokutan hankalinsu ba ya kan abin da ke gabansu.

Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne korar tunani da ƙarfin tsiya. Idan wani abu ya faɗo mini a rai ina cikin karatu, sai in ɗaure fuska in hana kaina sake tuna shi, amma kafin in gama sakin layi ya dawo, har ya fi na farko nauyi. Daga baya na fahimci dalili daga gwajin da masanin halayyar ɗan Adam Daniel Wegner ya yi a 1987, inda aka hana mutane tunanin farin beyar, sai ya riƙa faɗo musu a rai: duk wanda ke duba ko ya daina tuna wani abu, dole ne ya tuna shi kafin ya duba.

Abin da ya taimake ni shi ne na daina faɗa da tunanin, na koma ga kama kaina a daidai lokacin da na kauce. Kafin in buɗe littafi nakan faɗa wa kaina takamaimai abin da nake nema a wannan zaman, misali amsar tambaya guda ɗaya, domin hankalin da ba a ba shi aiki ba shi zai nema wa kansa. Sannan nakan ajiye takarda a gefe, duk sanda na farga cewa na tafi sai in ja ɗan layi a kanta, in kuwa abin da ya ɗauke ni wani aiki ne da ke jirana sai in rubuta shi cikin kalma biyu ko uku, in koma inda na tsaya. A kwanakin farko layukan sun yi yawa har gwiwata ta so ta yi sanyi, amma cikin 'yan makonni na ga tazarar da ke tsakanin tafiyata da fargata tana raguwa. Da nakan cinye shafi biyu ban san me na karanta ba, yanzu nakan farga tun ban gama jimla ba. Tun a 1890 William James, wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, ya rubuta cewa iya maido da hankali da gangan, sau da sau, shi ne tushen kyakkyawan hukunci da hali da ƙarfin niyya.

Sai dai kada ka ɗora wa niyyarka kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Waya a kan tebur ta fi ƙarfina har yau, don haka a wani ɗaki nake barinta, kuma ranar da barci bai ishe ni ba babu dabarar da ke aiki. Idan kuma abin ya biyo ka tun ƙuruciya, yana ɓata maka aiki da mu'amala da mutane, ka daure ka ga likita. In ba haka ba, ka fara da zaman minti 10 da takardarka a gefe, kada ka ƙara tsawonsa sai ka ga layukan sun fara raguwa.