Ruwan Sabon Tankin Kifina Ya Kai pH 8.2, Ta Yaya Zan Sauke Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kwana goma ke nan da na haɗa tankin gilashi na kifin ado mai cin lita 100, na cika shi da ruwan bohol ɗin gidanmu. Na gwada na ga pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya kai 8.2. Na sayi maganin sauke pH na ɗiga, ya sauka zuwa 7, amma da gari ya waye ya koma inda yake. Ban sa kifi ba tukuna. In ƙara maganin ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah ajiye kwalbar nan tukuna. Ka yi dabara da ba ka sa kifi ba, domin hawa da saukan da ruwan ya yi a dare ɗaya ya fi 8.2 ɗin kansa haɗari. Ma'aunin pH ba kamar tsani ba ne: tsakanin 8 da 7 tsamin ruwa ninki goma yake ƙaruwa. Kifi kan saba da ruwan da ya tsaya wuri guda, amma canjin farat ɗaya yana galabaitar da shi, wani lokaci har ya kashe shi.

Abin da ya mayar da ruwanka baya, duk mai girki ta san shi. In miyar yakuwa ta yi tsami, kanwa ake jefawa, shi ya sa ake cewa kanwa ta kar tsami. To, ruwan da ya ratso duwatsun ƙarƙashin ƙasa sau da yawa yakan zo da tasa kanwar, wato sinadarin kabonet da ya narke a ciki. Shi ake aunawa da gwajin KH. Maganin naka asid ne, kuma duk asid ɗin da ka ɗiga, kabonet ɗin zai shanye shi, pH ya koma sama. In ka matsa da ƙari har kabonet ya ƙare, sai ruwan ya rasa abin da ke riƙe shi, pH ya rufto ƙasa lokaci guda. Don haka ka nemi gwajin KH kafin komai.

Sannan ka binciki tankin kansa. Ɗebi ruwan bohol a bokiti, ka sa masa injin iska ya kwana, ka gwada washegari. Wannan ne ainihin pH ɗin ruwanka. In na tankin ya fi na bokitin, to matsalar tana ciki. Ciro dutse ɗaya da ɗan tsakuwa, ka shanya su, ka ɗiga musu ruwan binega. In ka ga kumfa tana tasowa, dutsen farar ƙasa ne. Fitar da shi, haka ma wuri na kuɗin da, ƙwanson dodon koɗi, murjani da duk wani ado na siminti. Masu kiwon tarwaɗa sun san wannan, shi ya sa ba sa zuba kifi a sabon kwamin siminti sai an jiƙa shi an wanke.

Akwai kuma dalilin da ya sa nake so ka yi haƙuri yanzu. Sabon tanki yana buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin bakteriyar da ke cinye amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, ta zauna a matatar ruwan tankin. Wannan bakteriya ta fi aiki a ruwan da ke tsakanin 7 da 8, kuma in pH ya gangaro kusa da 6 aikinta kusan tsayawa yake. Aikin nata ma yana cin kabonet, yana sauke pH a hankali. Sai dai ka kiyaye: amoniya ta fi dafi a ruwa mai pH sama, saboda haka kada kifi ya shiga sai gwajin amoniya da na nitirayit, wata gubar da bakteriyar ke mayar da amoniya zuwa gare ta, sun nuna sifiri.

Wane kifi kake son sawa? In gofi ne, moli ko filati, ruwanka ya yi musu. Kifayen sikilid na Tafkin Malawi ma irin wannan ruwan ne gidansu. Ni da zan ba ka shawara, zaɓi kifin da ya dace da ruwan gidanka ka huta.

In kuwa ranka na kan tetira ko diskos, 'yan asalin kogunan yankin Amazon masu son ruwa mai laushi, wato marar ma'adinai da yawa, to hanyar ita ce sirki. Ka gauraya ruwan bohol da ruwan da aka tace da injin RO, mai cire ma'adinan ruwa, ko ruwan sama mai tsabta. In na sama ne, bar na farko ya wanke ƙurar kwano ya zube. Fara da kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan RO ko na sama, a bokiti, ka bar shi ya kwana, ka gwada. In ka sami haɗin da ya yi, rubuta shi ka manna a jikin tankin, duk canjin ruwa ka yi shi daidai haka. Kada ka yi amfani da ruwan RO zalla, domin ba shi da ma'adinan da za su riƙe pH.

Bayan KH ya sauka ne busasshen ganyen almon, bishiyar inuwar nan mai faffaɗan ganye, da kututturen itacen tanki za su yi tasiri. Suna sakin sinadarin da ke mayar da ruwa kalar shayi marar kauri, suna sauke pH sannu a hankali. Wanke ganye ɗaya ko biyu ka jefa, ka jira kwana uku kafin ka ƙara. Da zarar kifi ya shiga, kada canjin ya wuce 0.2 a rana, kuma ka riƙa gwadawa a lokaci ɗaya kullum, domin a tanki mai tsirrai pH na safe yakan yi ƙasa da na yamma.