Tambaya da Amsa: Har ina zan iya jan injin da na yi wa gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da mota mai injin Honda K24, na canza mata kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul, na sa salansa mai faɗi, yanzu kuma mai yi min saitin kwamfutar motar yace zai ɗaga inda take yanke mai daga juyi wajen 7,000 a minti ɗaya zuwa 8,500. Abokaina na ta cewa ai injin K baya mutuwa in taka kawai. Ban da kamshaf ɗin, cikin injin ban taɓa shi ba, giyabos ɗin ma manuwal ne yadda ya zo. Don Allah a ina ya kamata in tsaya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka yarda da 8,500 ɗin nan, kuma bari in faɗa maka dalili da lissafi don kar kace tsoro ne kawai irin namu na tsofaffi.

Lambar da allurar juyin inji ke nunawa ba ita ke fasa inji ba, abin dubawa shine gudun da fistin ke yi cikin silinda, kuma wannan ya danganta da tsawon tafiyarsa daga sama zuwa ƙasa. Ka ɗauki tsawon nan da mita ka ninka sau 2, ka ninka da juyin inji a minti ɗaya, ka raba da 60. K24 tafiyar fistin ɗinsa milimita 99 ce, doguwa ce sosai, toh a 7,000 kana kan mita 23 a daƙiƙa, a 8,500 kuma ka kai mita 28. Yawancin motocin hawa a wajen mita 20 ake tsayar da su, masu zafin ciki su kai 25. Honda S2000 da ta fito a 1999 tana juyawa har 9,000 kowa na mamaki, amma tafiyar fistin ɗinta milimita 84 ce kacal, wato mita 25 da ɗan ɗoriya, kuma da Honda ta ƙara girman injin zuwa lita 2.2 a 2004 tafiyar ta koma 90.7 sai da kanta ta sauke jan layin, wato iyakar juyin da aka yarda injin ya kai, zuwa 8,000. Hatta motocin tseren Formula 1 na 2006 da suke kaiwa wajen 20,000, tafiyar fistin ɗinsu ko milimita 40 bata cika ba, lissafin na fitowa wajen mita 26 ne. Kaga kenan mutumin naka yana so ya kai ka inda injin Formula 1 bai je ba, da kwanrod, wato sandar da ke riƙe da fistin daga ƙasa, wanda kamfani ya sa don zuwa aiki da dawowa.

Kuma nauyin da ke kan kwanrod ba a hankali yake hawa ba, in ka ninka juyi sau 2 shi sau 4 yake ninkuwa. Daga 7,000 zuwa 8,500 ƙarin kusan kashi 47 cikin 100 ne. Inda abin ya fi muni shine lokacin da fistin ya kai can sama yana fitar da hayaƙi, babu matsin wuta da zai danne shi, so yake ya wuce ta sama, ƙusoshi biyu na gindin kwanrod ne kaɗai ke riƙe da shi. Suna miƙewa kaɗan kaɗan ba ka sani ba, metal, wato shimfiɗar ƙarfen da gindin kwanrod ke juyawa a kai, ya fara sakewa, wata rana sai dai ka ji ƙara ka sauka ka tarar da rami a gefen bulok da baƙin mai malale a titi. Abokanka da ke cewa K baya mutuwa ina jin ƙaninsa K20 suke gani, shi tafiyarsa 86 ce, ba ɗaya suke ba ko kaɗan.

Sai saman inji. Ka ce ka canza kamshaf amma baka ce ka canza sifirin ɗin bawul ba. In juyi ya yi yawa sifirin baya iya maido da bawul da wuri, sai ya tsaya a buɗe fistin ya zo ya same shi, kuma wannan injin irin wanda suke haɗuwa ne. Sannan famfon baƙin mai na K24 haɗe yake da sandunan rage girgiza, baya son juyi mai yawa, shi yasa masu gina shi don tsere suke cire shi su sa na K20.

Tambayar da zaka yi wa mai saitin ita ce, a juyi nawa ƙarfin injin ke ƙarewa? A hau da motar kan na'urar gwajin ƙarfi, wadda suke kira daino, a ga zanen. In ƙarfin ya fara sauka tun 7,200 toh duk abin da ka ƙara bayan ɗari biyu ko uku ihu ne kawai da cin ƙarfe. Ni da motata ce, cikin inji yadda ya zo, ba zan wuce 7,500 ba, shima bayan na sa sifirin da ya dace da kamshaf ɗin. Mai son fiye da haka sai ya buɗe inji ya sa kwanrod da fistin na musamman da ƙusoshi masu ƙarfi irin na kamfanin ARP, a daidaita nauyin komai.

Giyabos kuwa ba yawan juyi ne ya fi kashe shi ba, ƙarfin murɗawa ne ke karya haƙori, musamman in kana sakin kuloci da ƙarfi daga tsaye. Abin da juyi ke wahalarwa shine zoben da ke daidaita gudun giya kafin ta shiga, shi yasa zaka ji giya ta biyu ko ta uku tana gurzawa in ka canza a can sama. Ka kula da kuloci ma da falaiwil, wato faifan ƙarfen da kuloci ke kamawa, tsohon falaiwil mai tsagewa in ya tarwatse gefen ƙafafunka yake. Abu na ƙarshe da ke cinye injina da yawa: kana giya ta uku a 7,000 zaka sa ta huɗu hannu ya kuskure ya faɗa ta biyu. Kwamfuta ba ta da abin da zata yi maka a nan, ita mai da wuta take yankewa, yanzu kuwa taya ce ke juya injin. In ta biyu ta fi ta uku da ninki 1.4 misali, ka tashi daga 7,000 zuwa 9,800 kafin ka ƙifta ido. Da ka ji injin ya fara kururuwa danna kuloci nan take.

Tambaya: Malam tawa otomatik ce kuma na sa mata tobo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska, shin nima sai na ɗaga jan layin kafin in ga amfaninsa?

Amsa: A'a, bar shi yadda yake. Amfanin tobo ai shine ya baka ƙarfi ba tare da ka ƙara juyi ba. Damuwarka giyabos ne, ƙarfin da ka ƙara yana sa fayafayan kuloci na ciki su riƙa zamewa, zamewa na kawo zafi, zafi na ƙona man giya. Ka sa wa man giya lagireto nasa daban, ka riƙa duba launinsa, in ya bar ja ya koma baƙi yana warin ƙuna ka san an fara. In kuma CVT ce, wato otomatik ɗin da ke aiki da bel maimakon haƙoran giya, gaskiya ka rage matsin tobon, bel ɗinta bata ɗaukar wannan wasan.

Tambaya: Ko akwai illa in taka totur har ƙarshe mota na tsaye ba a giya ba?

Amsa: Akwai, balle da safe baƙin mai bai yi ɗumi ba. Motoci da yawa na yanzu ma kamfani ya sa su yanke tun wajen 4,000 in ba a giya suke ba. Ka bari sai allurar zafi ta hau inda ta saba ka ƙara wasu mintuna, domin ruwan lagireto yana riga baƙin mai ɗaukar zafi.