Amsa: FPGA ko guntu na musamman don tace hoto?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka fara da FPGA (guntun lantarki da ake iya sake tsara da'irarsa bayan an ƙera shi) ko ka ba da a ƙera maka guntu na musamman don tace hotunan kyamara. Fara da FPGA. Guntun da ya fito daga masana'anta da kuskure, kuɗinka sun tafi. FPGA kuwa gyara Verilog, harshen da ake rubuta tsarin da'irar da shi, za ka yi ka sake lodawa.

Inda za ka sha wuya shi ne jigilar bayanai. Hoto mai ɗigo 1920 sau 1080, sau 60 a daƙiƙa, ya haura ɗigo miliyan 124. Don Allah rage kai-kawo zuwa ma'adanar bayanai da ke wajen guntun. Matatar 3×3, mai sarrafa kowane ɗigo tare da maƙwabtansa takwas, layi biyu na hoton kacal take buƙata a ajiye cikin guntun, ɗigo suna kwararowa, ninkawa tara suna gudana lokaci guda.