Tambaya da Amsa: Kilomita Nawa Ne Ta Sama Daga Sakkwato Zuwa Birnin Kebbi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, don Allah a raba mana wata gardama da muke ta yi a majalisa. Daga filin jirgin Sakkwato zuwa na Birnin Kebbi kilomita nawa ne ta sama, kuma minti nawa jirgi zai yi? Mun duba a waya wani ya ga 56, wani 64, ni kuma na ga 103, to waye mai gaskiya a cikinmu? Daga wani mai karatu a Argungu.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. To ai dukkanku kuna da gaskiya, ma'aunin ne kawai ya bambanta. Daga filin jirgin Sultan Abubakar III na Sakkwato zuwa filin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, in an ja layi miƙaƙƙe, wajen kilomita 103 ne. Wanda ya ga 64 mil aka ba shi, wanda ya ga 56 kuma mil ɗin teku ne, shi matuƙa jirgi ke aiki da shi, mil ɗin teku ɗaya kilomita 1.852 ne.

Maganar lokaci kuwa nan ne mutane ke ruɗewa. Sai ka ji an ce ai jirgi na gudun kilomita 800 a awa, kenan minti 8 ya isa. A takarda haka ne, amma wannan gudun sai jirgi ya lula sama sosai yake yin sa, a 'yar wannan tazarar kuwa kafin ya gama hawa lokacin sauka ya yi, ga jiran izini daga hasumiya, ga tafiyar da zai yi a ƙasa kafin ya hau titin tashi, ga kewayen da zai yi ya daidaita kafin ya sauka, in ka haɗa duka ka sa minti 20 zuwa rabin awa. In lokacin hunturu ne hazo ya rufe gari kuwa sai yadda hali ya yi.

Amma fa gaskiya ni ban ga abin da zai sa mutum ya nemi jirgi a wannan hanyar ba. Ta mota wajen kilomita 150 ne, awa 2 da ɗan wani abu in hanya ta yi kyau, ku 'yan Argungu ma ai kun fi ni sani tunda ta gabanku ake wucewa. Filin jirgi kuma dole ka je da wuri, ka bi layin awon kaya, a caje ka, ka zauna jira, kafin a kira ku mai mota ya kusa shiga gari. Su ma kamfanonin jirgi ba riba suke gani ba, don tashi da hawa sama su ne ke shan mai, shi ya sa jiragen fasinja da ke sauka a filayen nan biyu yawanci Abuja suke nufa. In ka dage sai ka bi ta can, Sakkwato zuwa Abuja kusan kilomita 490, Abuja zuwa Kebbi kusan 500, ka ga ka yi kusan 1,000 kenan da tikiti biyu don tafiyar 103.

Filayen dai ba don zirga-zirga tsakaninsu aka gina su ba, tun da aka cire Kebbi daga Sakkwato a 1991 kowace jiha so take ta ga alhazanta sun tashi daga gida.