Tambaya da Amsa: 'Yata na son ajin kimiyya, malaminsu ya ce ta tafi ajin at

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Ina da 'ya a aji uku na ƙaramar sakandare, a wata makarantar jeka-ka-dawo a nan jihar Kano. Tun tana ƙarama take kwance rediyo da fitila mai caji ta mayar, kuma ta ce injiniya take son zama. Malamin ajinsu ya ce mata fiziks da lissafi sun fi ƙarfin mata, gara ta tafi ajin at. Yayana kuma ya ce in dai sai ta yi karatu, to ta yi aikin jinya, tunda aure za ta yi. Ni ban yi boko mai nisa ba. Wace shawara zan bi? (Wani uba daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya ta, ya yi mata albarka.

Bari in fara da maganar Yaya, don ita ce mai sauƙin warwarewa. Makarantun koyon aikin jinya da ungozoma a Najeriya kiredit biyar suke nema: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji. Mai son injiniya kuma, a jarrabawar JAMB Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri za ta zana. Ka ga ashe burin yarinya da shawarar Yaya duk ta ƙofa ɗaya suke shiga, wato ajin kimiyya. Don haka kada ka ja da shi yanzu. Ka ce masa ka ji, a sa ta a kimiyya, sauran magana sai bayan shekara uku in Allah ya kai mu. Abin da ba ya jira shi ne zaɓen da za a yi a farkon babbar sakandare. Ɗalibar kimiyya da ta sauya ra'ayi tana samun kwasa-kwasai da dama da za su karɓe ta, amma wadda ta yi at, ran da ta ce tana son asibiti ko injiniya sai ta koma baya ta sake karatu da jarrabawa.

Maganar malamin kuwa, ban yarda da ita ba. Maryam Mirzakhani, 'yar ƙasar Iran, ta karɓi lambar Fields a 2014, lambar da masana lissafi ke ɗauka a matsayin ƙololuwar yabo a fanninsu. A nan gida, Grace Alele-Williams ta yi digirin digirgir tun 1963, ta koyar da lissafi shekara da shekaru, sannan a 1985 ta zama mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Najeriya, a Benin. To amma na san abin da malamin zai ce: waɗannan ai ɗaiɗaiku ne, shi a ajinsa maza ne ke kan gaba. Wataƙila ma gaskiya ya faɗa game da ajinsa. Abin da bai tsaya ya duba ba shi ne dalili.

Na koyar da fiziks a makarantar da ke haɗe maza da mata, kuma ga abin da na riƙa gani a ɗakin gwaje-gwaje. Kayan aiki kaɗan ne, sai a raba yara shida-shida ko takwas-takwas a kan tebur ɗaya. A gwajin kemistiri na haɗa asid da bes, mutum ɗaya ne zai riƙe famfon bututun gilashin yana sakin ruwa ɗigo-ɗigo har launin da ke cikin kwalba ya juya daga rawaya zuwa ja-ja. Kusan kullum namiji ne ke kai hannu. Yarinya sai a miƙa mata biro a ce, ke kin fi iya rubutu, rubuta mana. Ba wanda ya yi niyyar zalunci, ita ma kunya ta hana ta ture hannun namiji. Haka za a yi shekara uku. Ran firaktikal na WAEC kuwa kowa shi kaɗai ne da kayansa, sai ka ga hannunta na rawa, ta zarce ma'auni. Sakamako ya fito a ce mata ba sa iya kimiyya. Da na fara raba aiki da suna, yau wance ce a kan famfo, gobe wane ne mai rubutu, cikin zango biyu na daina ganin wannan bambancin a ajina.

Sai lokaci. Lissafi ba a koyonsa da sauraro, sai an zauna an yi ta bugawa ana kuskure ana gyarawa. Yaro ya dawo daga makaranta ya ci abinci ya fita ko ya ɗauki littafi. 'Yar'uwarsa wanke-wanke na jiran ta, ga raino, ga girkin dare, ga Islamiyya, wata ma har da talla. Kafin ta buɗe littafi barci ya ci ƙarfinta. A nan kai ne mai iko, Malam, ba malamin aji ba. Ku zauna da mahaifiyarta ku cire mata awa ɗaya da rabi kullum wadda ba mai aiken ta, 'yan'uwanta maza su ɗauki wani abu daga aikin gidan. Ba za su mutu ba.

Jihar Kano ta taɓa gwada wannan al'amari a aikace. A 1977 aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, saboda a lokacin 'yan jihar da ke samun shiga fannin likita da injiniya ba su taka kara sun karya ba, har wasu na cewa yaran Arewa ba su da kan kimiyya. Da aka tara malamai da kayan aiki wuri ɗaya, aka ɗebo yara ta hanyar jarrabawa, sai ga likitoci da injiniyoyi suna fitowa. Daga baya aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda yanzu take cikin Jigawa. Maganar da ake yi wa 'yarka yau, irinta aka yi wa yaran Arewa maza a wancan lokacin. Har gobe hukumar makarantun kimiyya da fasaha ta jihar tana shirya jarrabawar ɗaukar ɗalibai daga aji uku na ƙaramar sakandare, kuma tana da makarantun mata zalla. Ka nemi shugaban makarantarsu ya sanar da kai lokacin sayar da fom. In kwana a makaranta bai kwanta maka ba, ka tambayi waɗanda ake zuwa a dawo.

In kuma a makarantarsu za ta ci gaba, ka je da ƙafarka. Ka tambaya ko akwai malamin fiziks da na kemistiri na dindindin, don makarantu da yawa da ɗan bautar ƙasa suke lallaɓawa, in ya gama shekararsa sai aji ya zauna wata da watanni. Ka ce a buɗe maka ɗakin gwaje-gwajen ka gani. Ƙura a kan tebur za ta gaya maka gaskiya. Ba sai ka yi boko za ka gane wannan ba.

Ita ma a auna ta, don son kwance rediyo alama ce mai kyau amma bai isa ba. Ka samu wani mai lissafi ya gwada ta a kan kason lamba da aljabara, nan ne yawancin yara maza da mata ke karyewa a fiziks. In da rauni, hutun ƙarshen shekara ya isa a toshe shi. Ga kuma gwajin da za ta yi a tsakar gida: ta ɗaure ɗan dutse da zare mai tsawon mita ɗaya, ta rataye a ƙusa, ta tura shi a hankali, ta ƙirga zuwa da dawowa ashirin da agogon waya. Za ta samu kusan daƙiƙa 40. Ta rage zaren zuwa santimita 25 ta sake, za ta ga lokacin ya koma rabi. Irin wannan gwajin na fitowa a firaktikal na fiziks, kuma bai ci ko sisi ba.

Ba zan ɓoye maka ba, in ta kai jami'a za ta tarar mata 'yan ƙalilan ne a ajin injiniya, kuma za ta ji maganganu. Akwai ƙungiyar mata injiniyoyi ta APWEN da ke jan irinta a jiki, kuma a 2024 Margaret Oguntala ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar injiniyoyi ta Najeriya. In wani darasi ya kuɓuce mata a WAEC, akwai NECO, kuma kwasa-kwasai da yawa na karɓar sakamakon zama biyu. Akwai kuma makarantun share fage, irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtua.

Shi kuma malamin, kada ka je masa da faɗa. Ka roƙe shi ya nuna maka makin lissafi da na kimiyya da ta ci a zango uku da suka wuce, ku duba tare. In makin ya kai, ka ce a rubuta sunanta a ajin kimiyya a gabanka.