Landan ko Istanbul bayan Disneyland: amsar Yaya ga Baban Khalifa

Wannan saƙon murya ne da Yaya ta turo zauren 'yan uwa na WhatsApp daga Katsina, an mayar da shi rubutu saboda waɗanda ba su samu damar saurara ba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da Hajiya da sauran manyanmu da ke cikin wannan zaure, da fatan an wuni lafiya, ya kuma zafi. Baban Khalifa, na saurari saƙonka tun jiya bayan isha'i, amma na ƙi amsa maka a kan gaggawa, domin magana ce ta kuɗi masu yawa, kuma da Hajiya a cikin tafiyar. Ga waɗanda saƙon ya wuce su, abin da ya faɗa shi ne yana son kai iyalinsa Disneyland ta Paris a dogon hutun watan Agusta, shi da Maman Khalifa da yara uku, mai shekara 11 da mai 8 da autarsu mai 4, Hajiya kuma ta yarda za ta bi su. Kwana tara ne a hannunsu, uku na wurin wasan, sauran kuma suna so su yi su a birni ɗaya, ko Landan ko Istanbul, shi ne yake neman shawarar wanda ya taɓa zuwa.

Ni dai shawarata Istanbul ce. Na faɗi haka tun farko domin kada ka jira ƙarshen saƙo, amma ina roƙon ka saurari dalilan, domin akwai hali guda da in ya samu zan ce maka Landan ba tare da ja-in-ja ba.

Kwana taran nan da kake ƙirgawa ba tara ba ne. Ranar fita daga Katsina zuwa Abuja da hawa jirgin dare ta tafi, ranar dawowa ma ta tafi, saura bakwai. Ka cire uku na Disneyland, ka cire rabin yini na ƙaura daga wannan ƙasa zuwa waccan, abin da ya rage maka bai wuce kwana uku da rabi ba. Kuma waɗannan kwanakin za su same ku ne a gajiye. Wurin wasan nan ba a cikin birnin Paris yake ba, yana wani yanki ne da ake kira Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da birnin, tafiyar minti arba'in a jirgin ƙasa na RER A. Tun 1992 aka buɗe shi, a 2002 aka ƙara fili na biyu a gefensa, kuma duk wanda ya shiga, ƙafarsa ce motarsa daga safe har dare. Agusta kuwa lokacin hutun Turawa ne gaba ɗaya, saboda haka lilo guda ɗaya kana iya tsayawa layinsa awa guda domin hawan da bai kai minti biyar ba. Sannan rana ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe tara na dare a wannan watan, wasan wuta na rufe fili kuwa sai duhu ya yi sosai, yara kuma ba za su yarda a tafi ba su gani ba. Lokacin da muka je da namu, a dare na uku a kafaɗa aka ɗauko biyu daga cikinsu zuwa masauki, ni kaina da safe sai da na jiƙa ƙafafuna a ruwan ɗumi kafin na iya sa takalmi.

Akwai kuma abin da ya kamata Maman Khalifa ta sani tun yanzu: manyan lilon suna da ma'aunin tsawo a bakin ƙofa. Jirgin dutsen nan na Big Thunder Mountain sai yaro ya kai mita 1.02, Hyperspace Mountain sai mita 1.20, na Indiana Jones kuwa sai mita 1.40. Ma'ana, sau da yawa Auta za ta tsaya a waje, kuma kowa a zauren nan ya san wa za a bar wa ita. Hajiya za ta yi kwana uku tana zaune a kan benci tana riƙon jika da jakunkuna, cikin kiɗa da hayaniyar da ba ta saba da su ba. To, idan yara sun cinye rabonsu a kwana ukun farko, adalci shi ne birni na biyu ya zama rabon wadda ta yi musu gadi. A kan wannan na gina shawarata, sauran duk ƙarin bayani ne.

Ban raina Landan ba. Tana da abubuwa uku da Istanbul ba za ta ba ka ba. Akwai harshe, domin Khalifa da kansa zai iya karanta allo ya tambayi hanya. Akwai gidajen tarihi na kyauta: na halittu da na kimiyya suna maƙwabtaka da juna a South Kensington, ga British Museum inda yara za su ga tagullan Benin da aka kwashe a 1897, duka ba a biyan kuɗin shiga, kuma yaron da bai kai shekara 11 ba yana hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa kyauta idan yana tare da babban da ya biya. Akwai kuma tafiyar kanta, domin jirgin Eurostar daga tashar Gare du Nord zuwa St Pancras awa biyu ne da kusan minti ashirin, yana bi ta ramin da aka haƙa a ƙarƙashin teku aka buɗe a 1994, mai tsawon kilomita 50, wato ya fi rabin tafiyar Katsina zuwa Daura. Sai dai ka lura, jirgin da a da yake ɗaukar mutane daga bakin Disneyland kai tsaye zuwa Landan an daina shi tun watan Yunin 2023, yanzu sai ku koma cikin Paris da kayanku, ko ku canja jirgi a Lille.

Inda Landan take ba da wahala shi ne masauki da matakala. Ku shida ne, ɗakunan otal a tsakiyar birnin ƙanana ne, dole ɗaki biyu in ba uku ba, kuma da fam za ka biya. Idan ka gudu bayan gari domin sauƙi, kullum sai kun yi doguwar tafiya shiga da fita. Tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa kuwa da yawansu tsofaffi ne, babu na'urar hawa a cikinsu, sai matakala, ga gwiwar Hajiya da muka sani, ga keken Auta da za ka riƙa saɓawa a kafaɗa. Masallatai akwai, babba na Regent's Park da na Whitechapel, abincin halal ma ba ya wuya a Edgware Road, amma komai sai an yi niyya an hau abin hawa an je. Gidan tarihi kuma tsayuwa ce da tafiya, wato irin aikin da ƙafafunku suka gama yi kwana uku.

Istanbul, wadda Hajiya ke kira Santambul kamar yadda iyayenmu suka saba, ta bambanta ta wannan fuskar. Idan ka kama masauki a unguwar Sultanahmet, manyan abubuwan da aka zo gani suna kewaye da fili guda. Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida yana fuskantar Ayasofya, wadda aka gina a matsayin coci a shekarar 537, ta zama masallaci bayan Sultan Muhammad Alfatih ya ci birnin a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi a zamanin Ataturk, sannan aka dawo da sallah a cikinta a watan Yulin 2020. A bayanta kaɗan fadar Topkapi take, kuma a cikin fadar akwai ɗakin amanoni masu tsarki da aka kawo bayan Sultan Salim ya ci Masar a 1517. A nan ake ajiye mayafin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a cikin akwatinsa, da takubba da baka da ake jingina masa, da takubban da ake jingina wa manyan sahabbai, ana kuma karatun Alƙur'ani a ɗakin ba yankewa. Na ga dattawa daga ƙasashe daban-daban suna fitowa daga wurin suna share hawaye. Idan aka hau mota zuwa unguwar Eyup, can ne kabarin Abu Ayyub Al'ansari, sahabin da ya sauki Annabi a gidansa lokacin hijira zuwa Madina. Ka gaya mini, Baban Khalifa, wane gini ne a Landan zai kai wannan a zuciyar Hajiya?

Ga kuma sauƙin rayuwar yau da kullum. Kiran sallah yana iske ka a ɗaki, duk lungun da ka shiga akwai masallaci da wurin alwala da sashen mata, naman da ake sayarwa a gidajen abinci galibinsa halal ne, saboda haka bayan kwana uku na kifi da soyayyen dankali a Disneyland, yara za su ci gasasshen nama da shinkafa ba tare da Maman Khalifa tana bincikar kowane faranti ba. Yaran ma ba a bar su a baya ba. Jirgin ruwa na haya daga Eminonu zuwa Uskudar bai wuce minti ashirin ba, kuɗinsa kaɗan ne, a zaune ake yinsa ana shan iska, kuma yaro zai koma makaranta yana cewa ya tashi daga nahiyar Turai ya sauka a Asiya kafin shayinsa ya huce. Akwai Miniaturk, inda aka ƙera manyan gine-ginen ƙasar a ƙanana. Zafin Agusta a can yana da gumi, amma wanda ya sha watan Afrilu a Katsina ba zai kira shi zafi ba.

Ba zan ɓoye maka aibinta ba. Birni ne mai tudu da gangare, titunan tsohon gari na duwatsu ne, Turanci kuma bai yawaita ba. Sabon filin jirginsu da aka buɗe a 2018 yana da nisa daga gari, ka ba shi awa guda ko fiye a mota. Mu mun yi kuskuren kama wani ƙaramin otal saboda hotonsa ya yi kyau, muka iske ɗakinmu a hawa na huɗu babu na'urar hawa, kuma wani direban tasi ya zagaya da mu ya caje mu ninkin abin da ya kamata. Saboda haka ka tambayi maganar na'urar hawa a rubuce kafin ka biya, ka zaɓi masauki kusa da layin taragon T1, wanda yake bi ta Sultanahmet da bakin babbar kasuwa har Eminonu. Ka kuma daidaita ranakunka, domin fadar Topkapi a rufe take ranar Talata, babbar kasuwar mai rufi kuma ba ta ci ranar Lahadi.

Sai maganar biza, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro. Bizar Faransa ta Shengen ce, wato biza ɗaya da ƙasashen Turai da dama suka haɗu a kanta, kuma daga Birtaniya har Turkiyya babu wadda take cikin Shengen, saboda haka ko wanne ka zaɓa biza biyu za ka nema wa mutum shida. Kuɗin ta Shengen tun watan Yunin 2024 yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 12, Auta kuwa ba ta biya, amma ta Birtaniya yaro da babba kuɗinsu ɗaya. Fasfo ba ya zama a ofishi biyu lokaci guda, sai wannan ya sake shi wancan ya karɓa, don haka ka fara da ta Faransa, domin in ba ta fito ba tafiyar gaba ɗaya ta tashi. Wani tarko kuma shi ne, idan ka sayi tikitin zuwa da dawowa ta Paris sannan ka tsallaka Landan, ka fita daga Shengen ke nan, komawarka Paris shiga ce ta biyu, kuma bizar shiga ɗaya ba za ta ba ka wannan ba.

A nan ma Istanbul ta fi dacewa da hanyarku. Turkish Airlines yana tashi daga Abuja, kuma duk wanda ya bi shi zuwa Paris ta Istanbul zai ratsa, zuwa da dawowa. Ka sa a yanka maka tikiti ɗaya mai zango uku: Abuja zuwa Paris, Paris zuwa Istanbul, tafiyar awa uku da rabi, sannan bayan kwanakinku Istanbul zuwa Abuja. Da haka birnin ya zama zango a kan hanyar gida, sayayyar da Maman Khalifa za ta yi ta mayafai da abayoyi da tsarabar mutanen Daura kuma ta faɗo a ƙarshe, akwatunan su wuce Abuja kai tsaye, ba ku yi ta jansu a tashoshin jirgin ƙasa ba. Tun da na ambaci akwati, kada a sa kilishi ko dambun nama ko man shanu a kayan tafiya, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara daga ƙasashen waje.

Halin da na ce zai sa in sauya magana shi ne wannan: idan Kawu da ke Landan ya tabbatar maka da bakinsa cewa gidansa zai ɗauke ku ku shida, kuma Hajiya ta ce ganin ƙaninta da ta yi shekaru ba ta gani ba ya fi mata ziyara, to zumunci ya rinjayi duk lissafina, kuɗin masauki ma ya faɗi. Amma ita za a tambaya, kuma ba a cikin zaure ba, domin a gaban jama'a za ta ce duk abin da kuka zaɓa daidai ne. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga wurinta bayan la'asar in ji ta bakinta. Kai kuma ka duba fasfo ɗin kowa a daren nan, musamman nata da na Auta, domin Shengen tana son ya rage aƙalla wata uku bayan ranar da za ku fita daga yankinta, ka turo mini ranakun ƙarewarsu ta lambata. A gaida Maman Khalifa da yara. Wassalamu alaikum.